Yadda Ake Farautar BVD a Garken Shanun Madara

Sunan cutar ne ya fara yaudarata. BVD taƙaitaccen suna ne na Turanci da ke nufin zawon shanu na ƙwayar bairos, saboda haka na yi kusan shekara biyu ina duba gindin shanu ina jiran in ga zawo, ita kuwa cutar tana cikin garke tana ɓarna ta wata ƙofar daban. Ban ga laifin waɗanda suka raɗa sunan ba. A 1946, lokacin da Peter Olafson da abokan aikinsa na Jami'ar Cornell suka fara bayyana cutar a garkunan jihar New York ta Amurka, zawo da zazzaɓi da gyambon baki suka gani, abin da suka gani kuma suka faɗa. Amma a garken madara, mafi yawan shanun da ƙwayar ke shiga jikinsu ko kashinsu ba ya canzawa. Ɓarnar tana fitowa ne a littafin barbara da kuma ɗakin maruƙa.

Shanun tatsa kimanin sittin nake kula da su. Wata shekara na sayo karsana huɗu masu tsohon ciki, kowacce jikinta sumul, idonta garau. Duk suka haihu lafiya. Ɗaya ta haifi maraƙa da muka maƙala wa lamba 117 a kunne. Ba ta kai sa'o'inta girma ba, gashinta ya ɗan yi kaushi, amma tana ci tana sha, ban taɓa sa ta cikin lissafin marasa lafiya ba. Da aka yaye ta aka kai ta rukunin da ke shan ruwa a kwami ɗaya da karsanan da muke shirin yi wa barbara.

Daga nan abubuwa suka fara karkacewa ɗaya bayan ɗaya. Saniyar da aka yi wa barbara sai ta dawo neman namiji, ba a kwana 21 da aka saba ba, sai a kwana talatin da wani abu. Biyu suka yi ɓari. Aka haifi wani maraƙi da ya kasa tsayuwa: in ka ɗaga shi sai ya ware ƙafafu, kansa yana rawa, ya nufi hantsar uwarsa ya kuskure. Tari ya zauna a ɗakin maruƙa, a yi magani ya lafa, bayan mako biyu ya dawo. Na zargi abinci, na zargi maniyyin da muke saye, har na sallami mai yi mana barbarar allura, abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Sai da 117 ta kai wata goma sha biyar sannan ta daina cin abinci, miyau yana dalala daga bakinta, gyambo a dasashi da tsakanin kofato, ga zawo kamar ruwa har da jini. Kwana tara ta yi ta mutu. Da likitan dabbobi ya buɗe ta ya nuna mini ƙananan gyambuna jere a maƙoshinta, ya ce mini wannan da nake gani wutsiyar cutar ce, kanta ya daɗe da wucewa ta cikin garken. Zawon da na yi ta jira ya zo, amma ihu ne bayan hari.

Abin da ya kamata ka fara fahimta

Ƙwayar tana kama saniya ta hanya biyu, kuma duk dabarar yaƙar ta tana cikin bambancin nan.

Ta farko kamu ne na wucin gadi. Lafiyayyiyar saniya ta shaƙi ƙwayar, bayan kwana biyar zuwa bakwai ta ɗan yi zazzaɓi, madara ta ragu kwana biyu, wataƙila majina, shi ke nan. Cikin mako biyu jikinta ya kori ƙwayar, ta samu garkuwar da za ta daɗe tare da ita. Illar wannan ɗan lokacin ita ce ƙwayar tana rage fararen ƙwayoyin jini, sai garkuwar jiki ta yi sanyi, ciwon huhu da ciwon hantsa da zawon maruƙa su samu ƙofa. Ba kullum kamun ke zuwa da sauƙi haka ba: a 1993 wani nau'in ƙwayar da ake kira na biyu ya kashe shanu da yawa, har manya, a Ontario ta Kanada. Amma galibi shiru yake wucewa.

Ta biyu ita ce babbar magana. Idan saniyar da ba ta da garkuwa ta kamu tana da ciki, ƙwayar tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, kuma abin da zai faru ya danganta da kwanan cikin. A farkon wata guda zuwa kwana arba'in, cikin yakan lalace ba a sani ba, shi ya sa saniya ke dawowa neman namiji a makare. Daga wajen kwana 30 zuwa 125, garkuwar ɗan tayin ba ta gama sanin nata da baƙo ba, sai ta ɗauki ƙwayar a matsayin wani sashe na jiki. In bai zube ba, za a haife shi da ƙwayar, ba zai taɓa yaƙar ta ba, kuma zai yi ta zubar da ita a majina da miyau da hawaye da fitsari da kashi da madara da maniyyi har ranar mutuwarsa. Likitoci suna ce masa PI, wato wanda cutar ta zauna masa dindindin. Ni rumbun cuta nake ce masa. Daga wajen kwana 100 zuwa 150 kuma naƙasa ake samu: ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ba ta cika ba, yanar ido, makanta, kamar maraƙin nan mai rawar kai. Bayan wata na biyar zuwa na shida ɗan tayin yakan iya kare kansa, a haife shi da garkuwarsa.

Rumbunan nan ba su da yawa. A inda ba a yaƙar cutar, sukan kai ɗaya ko biyu cikin ɗari, sau da yawa ma ba su kai ba. Amma abin da guda ɗaya ke fitarwa a rana ya ninka na mai kamun wucin gadi nesa ba kusa ba, kuma an nuna cewa haɗa hanci da shi na awa guda ya isa saniya ta kamu. Da yawansu tsumburarru ne, sukan mutu kafin shekara biyu, wasu da irin ciwon da ya kashe 117. Ciwon nan na gyambon hanji da baki, wanda aka fara bayyanawa a jihar Iowa a 1953, an daɗe ana zaton wata cuta ce daban. Sai a 1984 Joe Brownlie da abokan aikinsa a Birtaniya suka nuna cewa rumbun cuta kaɗai yake kamawa, lokacin da ƙwayar ta rikiɗe zuwa siffa mai kashe ƙwayoyin jiki. Wasu rumbunan kuwa kyan ɗan maciji gare su: su girma, su yi ciki, su shiga layin tatsa. Kuma duk abin da irin wannan saniyar ta haifa rumbu ne, babu fashi.

To ka ga aikin ya fito fili. A gano rumbu a fitar da shi, a kuma hana ƙwayar isa ga saniya a watanni huɗun farko na cikinta.

Ka fara da littafinka kafin ka kira kowa

Ɗauki littafin barbara na shekara biyu ka zauna da biro. Ga kowace saniya ka ƙirga kwanakin da ke tsakanin barbara da dawowarta neman namiji. Kwana 18 zuwa 24 ba ta kama ba ne kawai. Waɗanda suka dawo a kwana 28, 33, 40, su za ka ja wa layi, domin alama ce ta cikin da ya shiga ya fita. Ka rubuta kowane ɓari da watan da aka yi shi, kowane maraƙin da aka haifa a mace ko ɗan ƙarami ko mai tangaɗi. Sannan a gefe guda ka rubuta ranar da kowace baƙuwar dabba ta shigo. Ni da na jera su a takarda ɗaya ban buƙaci kowa ya fassara mini ba: matsalar ta fara ne 'yan makonni bayan an kai 117 wajen karsanan.

Littafi ba ya tabbatar da BVD. Akwai cututtuka da dama masu kawo ɓari da rashin kama ciki, wasunsu ma suna kama mutum, don haka duk abin da ya zube ka ɗauke shi da safar hannu. Littafin yana gaya maka ne kawai ko ya dace ka shiga gwaji, da kuma daga wane rukuni za ka fara.

Gwaji: wane, ga wa, yaushe

Gwaje-gwajen iri biyu ne, kuma rikita su shi ne kuskuren da na fi ganin mutane suna yi. Ɗaya yana neman ƙwayar kanta, ɗayan yana neman sawunta, wato garkuwar da jiki ya gina bayan ya haɗu da ita. Saniya mai sawu ba abin tsoro ba ce, ta kamu ne ta warke. Rumbun cuta kuwa a gwajin sawu tas yake fitowa, tunda jikinsa bai taɓa ɗaukar ƙwayar abokiyar gaba ba. Na san mutumin da ya sayar da shanunsa masu garkuwa ya riƙe wadda ta fito tas, ashe ita ce uwar matsalar.

Mataki na farko mai sauƙi ne. A ɗebi madara daga tankin da ake tara ta garken duka, bayan an motsa ta sosai, a nemi sawu a ciki. In babu, ko kaɗan ne, garkenka bai haɗu da ƙwayar kwanan nan ba. Kada ka yi murna da yawa, domin hakan yana nufin shanunka ba su da kariya ko kaɗan, ranar da ƙwayar ta shigo za ta same su a buɗe. In kuwa sawun yana da yawa, abin da ka sani shi ne ta taɓa wucewa, amma garkuwa tana shekaru a jikin saniya, don haka madarar tanki ba za ta gaya maka ko jiya ne ko shekara huɗu baya ba. In kana yin allurar rigakafin BVD ma, sakamakon zai rikice.

Mataki na biyu shi ke amsa tambayar yanzu. A ɗebi jinin 'yan shanu biyar zuwa goma daga kowane rukuni da ke zaune daban, masu wata tara zuwa goma sha takwas, haifaffun gida, waɗanda ba a yi wa rigakafin ba. Dalilin wata tara shi ne garkuwar da maraƙi ke sha a dakashi takan yi wata shida zuwa takwas a jininsa, in ka gwada shi da wuri sawun uwarsa za ka gani. In yawancinsu suna da sawu, to akwai rumbu kusa da su, ko ya kasance kwanan nan. A nawa garken, cikin takwas da aka gwada bakwai suna da shi.

Mataki na uku shi ne farautar kanta, kuma a nan ƙwayar ake nema, ta gwajin ɗakin bincike da ake kira PCR, ko wani da ake kira ELISA mai gano ƙwaya. Ga shanun da ake tatsa, ana iya gwada madarar tanki da PCR, tana iya nuna rumbu guda a cikin shanu masu yawa. Sai dai ka tuna tankin ranar bai ƙunshi masu hutun tatsa ba, da waɗanda ake zubar da madararsu saboda magani. Ka rubuta lambobin waɗanda suka shiga tankin a ranar. Ragowar duk, maruƙa da karsanai da bijimai da masu hutu, sai ɗaya bayan ɗaya.

Ga maruƙa fatar kunne ta fi jini. Ana yanko ɗan tsinken fata kamar ƙwayar hatsi daga gefen kunne, akwai ma lambar kunne da ke ciro shi ta jefa a ƙaramar kwalba lokacin da ake maƙala ta. Garkuwar dakashi tana iya ɓoye ƙwayar a jinin ƙaramin maraƙi, gwajin ELISA ya ce babu alhali akwai, fatar kunne kuwa ba ta cika yin wannan ruɗin ba. In almakashin yanka kunne kake amfani da shi, ka wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin maraƙi da maraƙi, sannan ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, domin ragowar maganin yana iya ɓata samfurin. Ka rubuta lamba a kwalbar kafin ka kama maraƙin, ba bayan ka sake shi ba. Na taɓa tsayawa da kwalba biyu a hannu da maruƙa biyu baƙaƙe masu kama ɗaya suna kallona, dole muka sake.

Akwai wata dabara da ke rage yawan gwaji. Tunda rumbu rumbu take haifa, duk maraƙin da ya fito babu ƙwaya ya wanke uwarsa. Wanda ya fito da ita kuwa sai a gwada uwar, ko da yake sau da yawa za ka tarar ita lafiya lau take, kamun wucin gadi ta yi tana da cikinsa.

Dabbar da aka samu da ƙwayar, ka ware ta nan take, ka sake gwada ta bayan aƙalla mako uku. Mai kamun wucin gadi zai riga ya kore ta, rumbu kuwa tana nan. Wadda ta fito babu ƙwaya ba za ta taɓa zama rumbu ba, domin a ciki kaɗai ake zama shi, gwaji ɗaya ya ishe ta har abada, in dai lambar kunnenta ba ta ɓata ba.

Mu rumbu uku muka samu. Biyu tsumburarru ne, ban yi mamaki ba. Ta ukun ita ce maraƙar da ta fi kowacce kyau a haihuwar shekarar, 'yar saniyar da ta fi ba mu madara.

Fitar da rumbu

Babu magani, babu allurar da ke wanke shi. Hanyarsa ɗaya ce, mayanka, kuma da wuri. BVD ba ta kama mutum. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kai irin wannan dabba kasuwa a sayar wa wani makiyayi, an san abin da ke jikinta. Kada kuma ka ce za ka killace ta a wani lungu ka yi kiwonta ta ƙara nauyi. Bokitin da ka ba ta ruwa, takalmin da ka shiga wajenta da shi, duk hanyoyi ne, kuma wata rana wani zai manta ƙofa a buɗe. Na ji masu cewa a bar rumbu cikin karsanai kafin barbara don ya zame musu rigakafin kyauta. Ba duka za su kamu a lokacin da kake so ba, wadda ta makara za ta kamu da ƙaramin ciki ta haifa maka sabon rumbu, ga ciwon huhun da za ka saya wa maruƙa a banza.

Kyakkyawar maraƙar nan na yi mako guda ina kewaye-kewaye kafin na sa aka tafi da ita. Makon nan ganganci ne, akwai shanu masu ƙaramin ciki a gidan.

A nan ne kuma mutane da yawa ke kashe maciji ba su sare kansa ba. Ranar da rumbu na ƙarshe ya fita, akwai 'yan tayi a cikin shanunka da wataƙila sun riga sun kamu. Cikin saniya kwana 280 ne da ɗoriya. Saboda haka duk maraƙin da aka haifa daga ranar har aƙalla wata tara, ni shekara guda nake yi, sai an yanki kunnensa a kwanakin farko, kuma ba ya kusantar saniya mai ciki sai sakamako ya dawo. Har wanda aka haifa a mace a gwada shi. In aka samu wani, lissafin ya koma farko. Mu mun samu ɗaya a wata na shida.

Ƙofofin da take shigowa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babbar tsagar ita ce sayen dabba. Duk wadda za ta shigo a gwada ta ƙwaya, a ware ta mako uku zuwa huɗu inda ba ta haɗa hanci ko ruwan sha da garke. Amma mai ciki ta fi kowacce haɗari, ita ce ta ci ni. Uwar 117 da an gwada ta a ranar da na saye ta, babu ƙwaya za ta nuna, domin ta kamu ta warke tun cikin yana ƙarami. Kayan yana cikin mahaifa inda gwajin uwa ba ya kaiwa. Idan dole ne ka sayi mai ciki, ta haihu a keɓe, a kwashe mabiyiya da shimfiɗar da ruwan haihuwa ya jiƙa, a wanke wurin, maraƙin kuma kada ya shiga cikin 'yan uwansa sai kunnensa ya wanke shi. Ni yanzu na daina sayen masu ciki gaba ɗaya.

Daidai da saye, akwai dabbar da ta fita ta dawo: wadda aka kai baje kolin dabbobi, wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba, karsanan da aka ba wani ya rena a gonarsa tare da na wasu, musamman in a can aka yi musu barbara. Duk baƙi ne ranar da suka dawo.

Sai maƙwabci. Shinge ɗaya da shanu ke miƙa wuya su shinshini juna ba shinge ba ne ga wannan ƙwayar. Inda ake yaƙar cutar da gaske shinge biyu ake yi da tazarar mita uku. In hakan ya fi ƙarfinka, ga abin da ba ya cin ko sisi: filin da ke iyaka da shanun wani, kada ka sa masu cikin da bai wuce wata huɗu ba a cikinsa. Haka makiyaya ko mashayar da garkuna ke haɗuwa.

Bijimin aro ko na haya a gwada shi kamar kowa. Bijimin da yake rumbu yana zubar da ƙwayar a maniyyi, wanda ya yi kamun wucin gadi ma yakan zubar na ɗan lokaci, kuma daskarar da maniyyi ba ya kashe ta, adana ta yake yi. Ka tambayi mai sayar maka da maniyyi ko ana gwada bijimansu. Tumaki da awaki ma suna ɗaukar ƙwayar, tumaki kuma suna da tasu 'yar uwar da ke iya tsallakawa zuwa shanu, don haka kada a haɗa su da shanu masu ciki, balle lokacin haihuwarsu.

Kayan aiki da mutane suna biye. Allura ɗaya ga shanu goma, doguwar safar hannun duba ciki da ba a canzawa, ƙarfen kama hanci, motar ɗaukar dabbobi da ba a wanke ba. Sa'ar da aka yi ƙwayar ba ta da ƙarfi a waje. Sabulu da magungunan wanki na yau da kullum suna kashe ta, in dai an fara kankare kashin. A cikin ruwan kashin shanu takan yi kwana uku a zafin digiri 20, amma a sanyin digiri 5 takan kai mako uku, don haka wuri mai sanyi da danshi ya fi buƙatar kulawa. Ka ajiye takalman roba na baƙi a bakin ƙofa, likita ma ya saka su, wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Girman garke shi ma yana ƙara haɗari, ba don komai ba sai don babban garke ya fi saye, ya fi baƙi, kuma a kowace rana ba a rasa saniya mai ƙaramin ciki a cikinsa, ƙwayar ba ta taɓa rasa masauki. A cikin gida kuwa, ka dubi inda ɗakin maruƙa da wurin haihuwa suke. In suna jingine da inda masu sabuwar barbara ke tsayuwa, ko kwami ɗaya suke sha kamar yadda nawa suke a da, ka raba su yau.

Allurar rigakafi

Ana yin ta ne domin ɗan tayi, ba domin uwar ba, don haka lokaci shi ne komai. Karsana ta gama karɓar allurarta kimanin wata guda kafin barbarar farko. Mai matacciyar ƙwaya sau biyu ake yi da tazarar makonni, sannan a riƙa sabuntawa yadda takardarta ta ce. Mai rayayyiyar ƙwaya da aka raunana takan ba da kariya da sauri, amma kada a yi wa mai ciki sai takardar ta halatta ƙarara, domin wasu suna iya isa ga ɗan tayin. Ka duba ko an rubuta cewa tana kare ɗan tayi, da kuma ko ta ƙunshi nau'in ƙwayar da ke yawo a inda kake, na ɗaya ko na biyu. Ta zauna a sanyi har zuwa lokacin da za ta shiga jiki, wadda aka haɗa kuma a ƙarar da ita a lokacin.

Rigakafi kaɗai ba ya fitar da cutar daga garken da rumbu ke zaune. An shafe shekaru da dama ana yin sa a ƙasashe da yawa cutar tana nan daram. Waɗanda suka ci nasara farautar rumbu suka yi. Norwe ta fara a 1992, Suwidin a 1993, Denmak da Finlan a 1994, da gwajin madarar tanki da fitar da masu ɗauke da ƙwayar, ba tare da rigakafi ba, suka kuma kakkaɓe ta. Suwizalan a 2008 ta bi shanun ƙasar kaf ta gwada. Jamus ta wajabta gwajin a 2011, Ayalan a 2013, ta hanyar fatar kunnen kowane sabon maraƙi. Amma su ƙasa guda suka tashi tare, maƙwabcin kowa yana cikin shirin. Kai da kake yi kai kaɗai, da shanun wasu kewaye da kai, ra'ayina ka haɗa biyun: ka fitar da rumbu, ka kuma yi wa matan rigakafi, domin garken da ya tsarkaka ba shi da garkuwa shi ne wanda ƙwayar ta fi yi wa kaca-kaca in ta dawo.

In za ka yi rigakafin, ka bar 'yan shanu kaɗan a kowane rukuni ba a yi musu ba har sai an ɗebi jininsu a wata tara, su ne 'yan leƙen asirinka. Mu yanzu sau ɗaya a shekara muke wannan, madarar tanki kuma duk wata uku. Almakashin kunne da kwalabe suna rataye a ƙusa ɗaya da igiyar jan maraƙi a ɗakin haihuwa, duk wanda ya karɓi haihuwa shi zai yanka kafin ya wanke hannu, ya rubuta lambar maraƙin da ta uwarsa a jikin kwalbar.